Injin casar shinkafa ya zo a makare, kuma bai kai ƙarfin da aka rubuta ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da wurin casar shinkafa a Dakace, nan Zariya. Na ba wani kamfani odar injin da za a ƙera mini a ƙasar Sin, mai cashe tan biyu a awa. Na biya kashi 70, muka rubuta cewa duk makon da suka makara za a zaftare musu wani abu. Sai da wa'adi ya wuce da mako tara ya iso, kuma tan ɗaya ma da ƙyar yake yi. Na riƙe cikon kuɗin. Wani ɗalibi ya ce mini tarar makarar kuɗin ruwa ce. Wata biyu ke nan ina aiki da injin. Zan iya mayar musu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, maganarka ta ƙarshe ita ta tsayar da ni: wata biyu kana aiki da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya ga aibin kaya, ya yi shiru ya ci gaba da mora, ana ɗauka ya yarda, damar mayarwa ta faɗi. To ranar da kuka gwada ya gaza, me ka yi? In ka sanar da su, suka ce ka lallaɓa kafin su gyara, haƙƙinka yana nan: su kawo abin da aka siffanta ko su maido kuɗinka. Nemo saƙon ka adana. In shiru ka yi don kada kakar ta wuce ka, sai sulhu.

Maganar ɗalibin nan kuwa ba daidai ba ce. Ya ji an ce ƙari a kan bashi haramun ne, sai ya shafa wa kowane sharaɗi. Wannan ƙa'ida gaskiya ce, amma abin da ke wuyan maƙeri aiki ne da wa'adi, ba rance ka ba shi ba. Cinikinku istisna'i ne, wato a ƙera maka abu bisa siffa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta sharaɗin tara a irinsa a zamanta na Jidda a 1992, ta ƙara fayyace shi a Riyad a 2000. Tun zamanin tabi'ai ma Alƙali Shuraihu ya hukunta cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa, ba tilasta shi aka yi ba, to sharaɗin ya hau kansa. Da kai aka ci tara don ka jinkirta ciko, wannan ce riba, ko da kun sa hannu.

Sai dai tarar tana bin cutarwar da ta same ka ne a zahiri. In kuma abin da ya fi ƙarfinsu ne ya jawo jinkirin, ba sakacinsu ba, ba ta hau kansu ba.

Kafin ka ce sun cuce ka, ku kira injiniyan da kuka amince da shi ku biyu, a gwada a gabanku da janareto mai ƙarfi da busasshiyar shinkafa. Ka san halin wutarmu; ɗanyen shanshera da raunin wuta kaɗai sun isa su karya ƙarfin inji. Cikon da ka riƙe kuma ka ware shi gefe, kada ka zuba shi a sayen shinkafa, domin ba naka ba ne har a yi hisabi. Sunansu ma kada ka kai Facebook kafin injiniya ya yi magana.

Wallahu a'alamu.