Ƙwayar gadon CSF1R lafiyarta ƙalau, me ke kashe ta a ƙwaƙwalwa?

Ɗan'uwa daga Samaru, ka tambayi yadda ƙwayar gado za ta daina aiki alhali rubutunta bai lalace ba. Amsar tana wajen makunninta.

CSF1R tana kan kuromosom na 5 a jikin mutum. Ita ke raya maikuroguliya, ƙwayoyin garkuwa masu share dattin ƙwaƙwalwa, kuma lalacewarta na jawo cutar da ke cinye farin ɓangaren ƙwaƙwalwa a manya. A cikin intiron ɗinta na biyu, wato sashen ƙwayar gadon da ba ya shiga rubutun furotin, akwai ɗan yanki mai suna FIRE, haruffan DNA wajen 300 kacal: shi ne makunnin. Ba ya haɗa furotin ko ɗaya. Furotin PU.1 ne ke zama a kansa, sai zaren DNA ya lanƙwasa ya taɓo mafarin ƙwayar gadon, a fara karanta ta. A 2019 masu bincike a Edinbara suka cire FIRE a ɓeraye: maikuroguliya suka ɓace ƙaf, amma yawancin makurofaj, 'yan'uwansu ƙwayoyin garkuwa, na hanta da saifa suna nan. Wato makunnin ya fi aiki a wasu ƙwayoyin jiki fiye da wasu.

In za ka gwada, yanke gefe biyu na yankin da CRISPR (almakashin DNA), tabbatar da yankan ta hanyar PCR (gwajin da ke ninka DNA don a gan ta), sannan ka auna RNA, wato kwafin saƙon da ƙwayar gadon ke fitarwa. Inda ake faɗuwa shi ne zaɓen ƙwayar jikin da za ka yi gwajin a kanta: HEK293, ƙwayar ɗan Adam da aka saba rainonta a ɗakin gwaji, ba ta da PU.1, ba abin da za ka gani. Maikuroguliya kuma na sauya hali cikin awanni da zarar an sa su a faranti. RNA kuwa, in firizar −80°C da ake ajiye ta a ciki ta narke da ɗaukewar wuta, aikin na iya lalacewa.