Tambaya da Amsa: Me ya kai FBI cikin ƙwallon kwandon ɗalibai a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bibiyar ƙwallon kwando ne daga Zariya. Na ji an ce an taɓa ɗaure wasu masu horarwa a Amurka saboda an ba ɗalibi kuɗi ya zaɓi wata jami'a. Abin ya ɗaure min kai, don a ƙwallon ƙafa ana sayen ɗan wasa da miliyoyi, ba wanda ya kira shi cin hanci. Yanzu kuma na ji ana biyan ɗaliban a fili. To wane ne mai laifi a nan? Na tambaya ne saboda ƙanena yana buga wasan, kuma wani mutum ya fara yi masa maganar Amurka.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗaurewar kan da ka yi tana bisa hanya, domin abu biyu ne mabambanta ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai a ba yaro kuɗi don ya buga wa wata makaranta wasa, akwai kuma a ba shi kuɗi don ya sayar da wasan. Na biyun ha'inci ne a ko'ina. Na farkon kuwa, dokar jami'o'in da kansu ce ta mai da shi laifi, kuma waɗanda suka rubuta dokar su ne ke cin moriyarta.

Fara da sanin wace ce NCAA. Ba hukumar gwamnati ba ce. Ƙungiya ce da jami'o'in Amurka suka kafa da kansu tun 1906 don kula da wasanninsu, hedikwatarta tana Indianapolis, kuma shugabannin makarantun ne ke tsara mata ƙa'ida. Babbar ƙa'idarta ta shekara da shekaru ita ce ɗan wasan jami'a ɗalibi ne, ba ma'aikaci ba, ladansa shi ne karatu kyauta da ɗaki da abinci. Kalmar nan da suke yawan faɗa, wadda ke nufin "ɗalibi mai wasa", an yayata ta ne a shekarun 1950 zamanin shugabancin Walter Byers, don kada wanda ya ji rauni a fili ya nemi diyya irin ta ma'aikata. Byers da kansa ya dawo yana sukar tsarin bayan ya bar aiki.

Sai ka dubi kuɗin da waɗannan "ɗalibai" ke jawowa. Gasar watan Maris da ake kira March Madness ita ce saniyar tatsar NCAA. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka sayi haƙƙin nuna ta na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. A 2016 aka ƙara shekara 8 a kan biliyan 8.8, har zuwa 2032. Manyan masu horarwa na karɓar miliyoyin daloli a shekara. Kamfanonin takalma su ma suna zuba nasu: a Agustan 2017 Adidas ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 160 ta shekara 10 da Jami'ar Louisville. Yaron da mutane ke sayen tikiti don kallonsa kuwa, a wancan lokacin albashinsa sifili ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ƙwallon kwando mutum biyar ne a fili, don haka yaro ɗaya mai hazaƙa yana iya sauya makomar makaranta gaba ɗaya. Tun 2006 kuma NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 19 ba, sai aka samu yaran da kowa ya san za su zama attajirai nan da shekara guda suna ratsawa ta jami'a hannu rabbana. Abu mai daraja haka, in aka hana sayensa a kasuwa, ai za a saye shi a lungu. Dillalai suka cika harkar: wakilan 'yan wasa, masu ba da shawarar juya kuɗi, masu horar da yara a wasannin bazara, da attajiran magoya bayan makarantu. Wani mai suna Ed Martin ya ba 'yan wasan Michigan huɗu kuɗin da ya kai dala 616,000 a shekarun 1990, cikinsu har da Chris Webber. Da asiri ya tonu, makarantar ta sauke tutocin nasarorinta daga rufin filin wasa a 2002.

Abin da ka ji labari shi ne na ranar 26 ga Satumba 2017, lokacin da masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka sanar da tuhumar mutum goma. Huɗu mataimakan koci ne: Chuck Person na Auburn, Lamont Evans na Oklahoma State, Emanuel Richardson na Arizona da Tony Bland na USC. Akwai kuma James Gatto, babban ma'aikacin Adidas, da Merl Code da shi ma ke yi wa kamfanin aiki, da wani matashin dillali, Christian Dawkins. FBI ta daɗe tana naɗar wayoyinsu, ta kuma saka jami'anta a cikinsu da sunan masu zuba jari.

Zargin kashi biyu ne. Na farko, mataimakan kocin sun karɓi na goro don su tura yaran da ke hannunsu wajen wani wakili ko mai juya kuɗi idan sun shiga NBA. Wannan kam cin amana ne, domin yaro ya ɗauki kocinsa uba, shi kuma yana cinikinsa a bayan idonsa. Na biyu, an shirya ba iyalan yara kuɗi don su zaɓi makarantun da ke saka kayan Adidas. Wanda ya fi shahara shi ne na Brian Bowen, da aka yi wa iyalinsa alkawarin dala 100,000 don ya je Louisville.

A nan ne lauyoyi suka yi dabara. Ba dokar ƙasa da ta hana mutum ya ba iyayen yaro kuɗi don ɗansu ya zaɓi wata makaranta. Sai masu ƙara suka ce jami'o'in ne aka damfara, tunda an sa sun ba da tallafin karatu ga yaran da, bisa ƙa'idar NCAA, ba su cancanci wasa ba. Wato makarantar da aka kawo wa gwarzon ɗan wasa har gida ita ce wadda aka zalunta! Kotu ta karɓi hujjar. A Maris 2019 aka yanke wa Gatto wata tara, Code da Dawkins wata shida-shida a wannan shari'ar. Richardson, wanda ya amsa karɓar dala 20,000, ya samu wata uku, haka ma Evans. Person da Bland ba su shiga gidan yari ba. Babu babban koci ko ɗaya da aka gurfanar. Louisville ta kori babban kocinta Rick Pitino, amma a 2023 ya zama kocin St. John's. Bowen kuwa bai taɓa buga wasan jami'a ko ɗaya ba, sai Ostireliya ya tafi neman abinci.

Za ka ce ina NCAA take har sai da FBI ta shigo? NCAA ba ta da ikon aika sammaci, ba ta iya rantsar da shaida, ba ta iya duba asusun banki ko naɗar waya. Wanda ya riga ya bar makaranta yana iya ƙin amsa kiranta, a zauna lafiya. Abin da ke hannunta shi ne rage guraben tallafin karatu, hana makaranta shiga gasar Maris, dakatar da koci, ko goge nasarori daga littafi. Wannan na ƙarshen ya kan ba ni dariya. A Fabrairun 2018 aka goge kofin da Louisville ta ci a 2013, saboda wani ma'aikacin ƙungiyar ya riƙa kawo mata masu zaman kansu ɗakin kwanan 'yan wasa don jan ra'ayin sababbin yara. Miliyoyin mutane sun kalli wasan ƙarshen da idonsu, amma a littafin NCAA ba wanda ya ci.

Inda na fi ganin laifin NCAA shi ne rashin auna kowa da mudu ɗaya. A Jami'ar North Carolina, wani bincike na 2014 ya gano cewa an shafe shekara 18 ana gudanar da darussan bogi, babu shiga aji, takarda ɗaya kawai za ka miƙa a ba ka maki mai kyau. Ɗalibai kusan 3,100 suka ratsa ta nan, kusan rabinsu 'yan wasa. A Oktoban 2017 NCAA ta ce ba za ta hukunta makarantar ba, tunda sauran ɗalibai ma sun ci moriyar darussan, saboda haka ba wata alfarma ce ta musamman ga 'yan wasa ba. Ka ji fa, yawan maguɗin ne ya cece su. Amma a 2019 aka dakatar da James Wiseman na Memphis wasa 12, don Penny Hardaway ya taɓa ba mahaifiyarsa dala 11,500 ta tashi gida, tun kafin ya zama kocin jami'ar. Oklahoma State ta ba masu bincike haɗin kai, aka hana ta gasar 2022. Kansas, wadda aka tuhuma da manyan laifuka biyar, ta tsaya ta yi jayayya, ta ci kofin wannan shekarar ta 2022, a 2023 kuma aka sassauta tuhumar, aka ba ta jan kunne na shekara uku tare da goge wasu nasarorinta na 2018. Ɗaya daga yaran da maganar ta shafa, Silvio De Sousa, ɗan Angola ne, kuma ya rasa kakar wasa guda a kan kuɗin da aka ce an ba mai riƙonsa. Tsohon kocin UNLV, Jerry Tarkanian, wanda ya yi shekaru yana shari'a da ƙungiyar, yana da wata ba'a da ta yi suna: wai NCAA ta fusata da babbar makaranta Kentucky ƙwarai, don haka za ta ƙara wa ƙaramar makaranta Cleveland State hukunci.

Abin da ya rushe tsarin ba FBI ba ce, ƙararrakin da 'yan wasa suka kai kotu ne. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofi da UCLA a 1995, ya ga siffarsa a wasan bidiyo ana sayarwa ba a ba shi ko sisi ba, ya shigar da ƙara a 2009, ya yi nasara a 2014. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, har Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa irin wannan tsarin kasuwanci haramtacce ne a kusan kowace sana'a a Amurka. Daga 1 ga Yulin 2021 aka bar ɗalibai su ci kuɗin sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. A Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House: za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, kuma kowace makaranta tana iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kuɗin da aka yi wa iyalin Bowen alkawari, yau a fili ake ba da ninkinsa. Bisa sulhun na 2025, duk wata yarjejeniyar talla da ta kai dala 600 sai an kai ta an tantance, kuma ni dai ina kyautata zaton lungun bai rufe ba, tunda an sake kafa iyaka, kuma akwai masu kuɗin da za su so su ƙetare ta.

Sayar da wasa shi ne ɓangaren da babu wani sauyin doka da zai wanke. Yadda ake yi shi ne, masu caca sun ce wannan ƙungiya za ta yi nasara da ratar maki 10, sai a biya ɗan wasanta ya zubar da ƙwallo nan da can, su ci da maki 6 kawai. Makaranta ta yi nasara, 'yan kallo sun tafa, ɗan caca ya kwashe. A 1951 aka kama 'yan wasa sama da 30 daga makarantu bakwai, ciki har da na kwalejin CCNY ta New York da ta haɗa manyan kofuna biyu a 1950. An sake gani a Boston College a kakar 1978 zuwa 1979, sannan a Tulane a 1985, wadda ta rufe ƙungiyarta na wasu shekaru. Tun da Kotun Ƙoli ta ba jihohi damar halatta cacar wasanni a 2018, cacar ta koma cikin waya, har ana iya caca a kan makin da ɗan wasa guda zai ci. A Satumban 2025 NCAA ta haramta wa 'yan wasa uku na Fresno State da San Jose State wasa har abada a kan irin wannan. Yaran ƙananan makarantu, waɗanda kuɗin NIL bai kai gare su ba, su ne 'yan caca suka fi farauta.

Game da ƙanenka, hanyar ta gaske ce, ita Hakeem Olajuwon ya bi daga Legas zuwa Jami'ar Houston. Ƙa'idojin ma sun yi sauƙi: a kakar 2010 aka hana Enes Kanter buga wa Kentucky wasa saboda kusan dala 33,000 da ƙungiyarsa ta Turkiyya ta ba shi, amma a ƙarshen 2025 aka bar James Nnaji, ɗan Najeriya da ya buga wa Barcelona, ya shiga Baylor. Sai dai bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita neman kuɗi a cikin Amurka, don haka wanda ya yi muku alkawarin miliyoyin NIL, ku tambaye shi ta wace hanya kuɗin za su shigo. Ku tambayi mutumin nan wa yake wa aiki, kuma wa ke biyansa. Kada yaron ya sa hannu a kowace takarda, musamman wadda ke ba wani kaso daga abin da zai samu nan gaba, sai lauya ya karanta muku ita. Ya adana sakamakon WAEC ɗinsa da bayanin duk ƙungiyar da ya buga wa da duk kuɗin da aka taɓa ba shi, domin cibiyar tantancewa ta NCAA za ta nemi waɗannan kafin ta bar shi ya taka fili.