Tambaya da Amsa: An Biya Mini Makka, Amma Jirgi Nake Tsoro

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya jama'a? Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana huɗu. Bana maigidana ya biya mini kujerar Makka. Kowa sai barka yake yi mini, ni kuwa tun ranar da ya nuna mini rasit ban sake barcin kirki ba. Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Ina yarinya a gidan kakata kusa da Gwammaja lokacin da jirgi ya faɗo unguwar, na ji ƙarar da kunnena, na ga hayaƙin. Har yau in jirgi ya wuce ta saman gidanmu sai gabana ya faɗi. Da na gaya wa yayata sai ta ce raunin imani ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado yake sai ya tafi. Na san gaskiya ta faɗa, amma zuciyata ta ƙi ji. Har na fara tunanin in ce a ba uwar mijina kujerar. Don Allah ki ba ni shawara, kuma a sakaya sunana.

Daga wata baiwar Allah, Kano.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Kujerar nan taki ce, kada ki ba kowa. Uwar miji Allah ya kawo tata.

Zancen yayarki zan fara taɓawa, don na ga ya fi jirgin kansa ci miki rai. Abin da ta faɗa a kan ajali haka yake, babu mai ja. Inda ta kuskure shi ne da ta kira tsoronki raunin imani. Ki buɗe Suratu Ɗaha ki ga inda Allah ya ba da labarin Annabi Musa, alaihis salam, ranar da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu da sandunansu: ya ji tsoro a ransa, sai aka ce masa kada ya ji tsoro. Annabi ke nan. Faɗuwar gaba da zufa da bugun zuciya aikin jiki ne, ba sa neman izinin mutum kafin su zo. A shekarun da na yi ina aikin jinya a tawagar alhazai na ga malamin da ya haddace izu sittin yana rawar ɗari a kujerarsa, na kuma ga 'yar ƙauyen da ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba ta yi barcinta tun kafin a rufe ƙofa.

Naki tsoron ma da dalilinsa. Abin da kika gani ranar Asabar, 4 ga Mayun 2002, ba ƙaramin abu ba ne. Jirgin ya tashi daga filin Malam Aminu Kano zai tafi Legas, bai yi nisa ba ya faɗa cikin gidajen mutane, aka rasa rayuka sama da ɗari, har da Ministan Wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba kuma zan ce miki haɗarin Gwammaja shi kaɗai ne ba: manyanmu suna tuna jirgin alhazan da ya yi haɗari wajen sauka Kano a 1973, da wanda ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato a 1991, wanda ya hallaka mutum 261. Sai dai harkar jirgin sama tana da wata ɗabi'a da na so a ce harkar mota ma tana da ita. Duk haɗarin da ya faru sai an tone shi har saiwa, sannan a canza doka. Na Jidda, bincike ya nuna tayoyi ne da ba su da isasshiyar iska suka fashe suka kama wuta. Bayan na Gwammaja gwamnati ta dakatar da samfurin jirgin baki ɗaya, ta kuma sa iyakar shekaru ga jiragen da za a shigo da su ƙasar nan. A 2023 jiragen fasinja sun yi tashi kusan miliyan 37 a duniya, kuma ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, haɗari ɗaya tak mai kisa ta lissafa a shekarar, na wani jirgi mai farfela a Nepal. A shekarar 2023 ɗin dai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ce sama da mutum dubu biyar suka mutu a titunan Najeriya. Mu da muke shiga motar haya daga Kano zuwa Zariya mu huɗu a baya, direba yana waya da hannu ɗaya, ko a jikinmu.

Na san lissafi ba ya warkar da tsoro. In da yana warkarwa da tuni kowa ya warke. Abin da na ga yana aiki shi ne mutum ya san abin da zai ji tun kafin ya ji shi, don yawancin firgitar da nake gani a jirgi daga ƙarar da ba a san ma'anarta ba take tasowa. To bari in bi da ke tafiyar.

Bayan an rufe ƙofa, wata mota ce za ta tura jirgin baya, sannan ya yi ta rarrafe a hankali har bakin titinsa. A nan za ki ji wani kuka kamar na inji daga wajen fukafukai, in kina kusa da taga ma za ki ga bayan fiffiken yana zazzagowa. Ba karyewa yake ba, matuƙi ne ke ƙara masa faɗi don ya ɗauki iska. Sai injuna su ɗau ruri, bayanki ya manne da kujera, jirgin ya sheƙa da gudu na abin da bai kai minti ɗaya ba, ya ɗaga. Daƙiƙu kaɗan bayan haka za ki ji "ƙum" a ƙarƙashin ƙafarki. Tayoyi ne suka shige gidansu aka rufe.

Ga wurin da nake so ki riƙe da kyau, don a nan ne salati ke tashi a jirgin alhazai. Minti ɗaya ko biyu bayan tashi, ƙarar injuna za ta ragu farat ɗaya, hancin jirgin ya ɗan sauko, ki ji kamar cikinki ya zube, kamar ana faɗowa. Wata dattijuwa ta taɓa damƙe mini wuyan hannu a daidai wannan gaɓar har farcenta ya bar mini shaida, tana cewa, "Shi ke nan, inji ya mutu, 'yar nan ki yafe ni." Injin nan lafiyarsa lau. Ƙarfin da ake bukata don barin ƙasa ya fi wanda ake bukata don ci gaba da hawa, shi ya sa matuƙi ke sassauta masa da gangan. Jirgin yana nan yana hawa, cikin kunnenki ne ya ruɗe. In kin ji wannan, ki ce a ranki, ga abin da Hajiya ta faɗa.

Kunnuwanki za su toshe, wajen hawa da kuma musamman wajen sauka, irin dai yadda suke yi wa mai hawan Kibo a hanyar Jos. Ki haɗiye miyau, ki yi hamma, ko ki sa alawa a baki.

Sai gargada. Daga Kano zuwa Saudiyya tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce, takan ɗan ɗara haka in an zagaya, kuma da wuya a yi ta ba a ɗan girgiza ba. Jirgin yana can sama da ƙasa da kilomita goma ko sha ɗaya, inda iska mai gudu ke haɗuwa da mai nawa, mai ɗumi da mai sanyi. In kin leƙa kika ga bakin fiffike yana lanƙwasawa sama da ƙasa, haka aka ƙera shi, kuma kafin a yarda jirgi ya ɗauki mutane sai an gwada fiffiken da nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake sa ran zai gamu da shi sau ɗaya da rabi. Abin da gargada ke iya yi wa mutum shi ne ta buga shi da rufi in bai ɗaure bel ba. Haka ta faru a Mayun 2024 a wani jirgin da ya taso daga Landan zuwa Singafo: mutane da dama suka ji ciwo, wani dattijo ya rasu, amma jirgin ya sauka da ƙafafunsa a Bankok. Saboda haka bel ɗinki ya zauna a ɗaure muddin kina zaune, ko fitilar alamar ɗaure bel ta mutu. Shi ne ɗaure raƙuminki, sauran kuma tawakkali. In an ba ki ruwa a kofi, ki kalle shi lokacin da ake girgizar. Sau da yawa za ki ga ko zuba bai yi ba, alhali ke kina jin kamar an jefa ku rijiya.

In da hali, wajen karɓar katin shiga ki roƙi kujera a daidai fukafukai. Can baya ya fi girgiza.

Abu biyu da mata ke yawan raɗa mini a sansanin alhazai: in inji ya mutu fa, in wani ya buɗe ƙofa fa? Jirgi mai inji biyu yana iya tafiya ya sauka da ɗaya, kuma matuƙa na maimaita wannan darasin a na'urar gwaji kusan duk wata shida. Ƙofa kuwa, iskar da aka matse cikin jirgin ta danne ta yadda ko ƙarti goma ba za su iya buɗe ta a can sama ba. Haka nan in an zo sauka kika ji injuna sun sake ɗaukar ruri an koma sama, matuƙin ne bai gamsu da yadda ya daidaita ba, ko hazo ya rufe masa titi, zai zagayo ya sake. Ni matuƙin da ya fasa ya sake ya fi kwanta mini a rai.

Yanzu jikinki. In firgitar ta zo, numfashi ne ke fara lalacewa. Mutum ya riƙa ja da sauri-sauri, sai yatsu da leɓe su fara tsiriri, jiri ya kama shi, ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Ba ita ba ce. Ki dafe ƙafafunki biyu a ƙasa, ki ja iska ta hanci a hankali, ki fitar ta baki a tsawon da ya fi na jan. Ga dabarar da nake koya wa maniyyata: ja da "Subhanallah" ɗaya, fitar da "Subhanallahi wa bihamdihi" biyu, a zuci, ba gaggawa. Irin wannan firgita takan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, daga nan ta fara sauka da kanta ko ba a yi mata komai ba. Ki fara gwada numfashin tun yau, duk lokacin da jirgi ya wuce ta saman gidanku. Maimakon ki toshe kunne, ki fito tsakar gida ki bi shi da ido har ya ɓace. Tsoro irin wannan gudunsa ke ƙara masa ƙiba, kallonsa kaɗan-kaɗan ke ramar da shi. Kada kuma ki jira ya tafi gaba ɗaya kafin ki hau, tare za ku hau, ya sauka ya bar ki a hanya.

Ranar tafiya ki ci abinci marar nauyi, ki ajiye goro da kofi da shayi mai kauri, don suna ƙara bugun zuciya. Ki daina kallon bidiyon haɗarin jirgi da ake turowa a WhatsApp, wanda ya turo miki ma ki ce ya bari. Da kin shiga, ki gaya wa ma'aikaciyar jirgi ko ta jinyar tawagarku cewa tashinki na farko ne kuma kina tsoro. Ba abin kunya ba ne, kuma za su riƙa leƙo ki. Ki haddace addu'ar hawa abin hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, wadda ake koyarwa a wajen bita.

Amma akwai magana ɗaya. In har kina mafarkin ranar Gwammaja, ko hoton abin yana dawo miki da rana tsaka, ko rashin barcin ya wuce makonni, to abin ya wuce a ce jirgi kawai kike tsoro. Ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano tun da sauran lokaci. Zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai masu zama da mutum su yi ta hira da atisaye har abin ya sake shi, kuma yana aiki sosai a kan irin wannan.

Tambaya:

Hajiya, barka da aiki. Mahaifiyata ce za ta tafi Umara, shekarunta sun kusa saba'in, tana da hawan jini, kuma tana tsoron jirgi ƙwarai. Wani mai kemis ya ce in saya mata maganin barci ta sha kafin a tashi, sai dai ta farka a Madina. Ya kika gani?

Daga ɗanki a Gusau.

Amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma kada ka saya. Irin waɗannan ƙwayoyin suna sa tsofaffi jiri da ruɗewa, su tashi zuwa banɗaki su faɗi. Wanda ya yi awa biyar a sheme bai motsa ƙafa ba kuma yana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. In likitan da ke duba hawan jininta ya ga tana bukatar wani abu, shi zai rubuta, ya kuma sa ta gwada a gida tukuna.

Maganinta na hawan jini ya kasance a jakar hannu, ba a uwar jaka ba. Ka kuma yi mata bayanin banɗakin jirgi tun a gida, don na san halin iyayenmu: sai su ƙi shan ruwa tun daga Gusau don kada fitsari ya kama su, su isa a galabaice. Ka gaya mata in ta danna maɓallin zai yi wata ƙara mai ƙarfi kamar zai zuƙe mutum, iska ce kawai ke jan ruwan. Ta sha ruwanta, ta riƙa murza ƙafafu tana zaune, in fitilar bel ta mutu ta tashi ta ɗan taka. Ka nemi wata mace a cikin ayarin ka haɗa su, a ba su kujera kusa da juna.