Tambaya da Amsa: An Danƙa Mini Yara da Sandunan Lakuros

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a jihar Maryland ta Amurka. Ɗana mai shekara tara ya kafe sai an sa shi a ƙungiyar lakuros ta unguwa, wasan nan na jefa ƙwallo da sanda mai raga a kanta. Da na kai shi sai aka ce babu koci, iyaye suka ce in riƙe musu tunda ina da sarari ranar Asabar. Wallahi ko sandar ban taɓa riƙewa ba. Daga ina zan fara? Daga wani uba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ta wannan ƙofar ni ma na shiga, don haka kwantar da hankalinka. Kuma ɗanka bai yi laifi ba, a tsakiyar gidan wasan kuke zaune: tun 2004 jihar Maryland ta ayyana lakuros a matsayin wasanta na ƙungiya, kuma hedikwatar hukumar wasan ta Amurka tana garin Sparks a cikin jihar.

Bari in fara da kuskurena don kada ka maimaita shi. Ranar farko na tara yara goma sha huɗu, na jera su, na shiga bayanin dokoki. Na gaya musu manya goma-goma suke bugawa, uku gaba, uku tsakiya, uku baya, sai gola. Na ce fili yadi 110 ne a tsawo, 60 a faɗi, raga kuma ƙafa shida tsaye ƙafa shida kwance. Ban kai ƙarshe ba na waiga na ga biyu suna wasan takobi da sandunansu, ɗaya ya kwanta yana kallon gajimare. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ɗan shekara tara ba shi ya kawo shi ba. Yaran wannan shekarun ma a ƙaramin fili suke bugawa, da 'yan wasa kaɗan.

Fara da kwasar ƙwallo daga ƙasa. Na san jifa da cin raga sun fi daɗin kallo, amma je ka tsaya a gefen wasan yara ka gani: ƙwallon ya fi daɗewa a ciyawa fiye da cikin ragar sanda. Ƙungiyar da ta fi iya kwasa ita ke riƙe da wasa. Nuna musu haka: hannu ɗaya kusa da kan sanda, ɗayan a gindinta. Yaro ya durƙusa sosai, ya sa ƙafa kusa da ƙwallon, ya kwantar da sandar har hannun baya ya kusa shafar ƙasa, sannan ya zura kan sandar ƙarƙashin ƙwallon kamar mai ɗiban yashi da shebur, ya wuce da gudu, ya ɗago sandar kusa da fuskarsa. Abu biyu za ka yi ta yaƙi da su. Na farko, yaro ya miƙe tsaye yana tsokanar ƙwallo da hannu ɗaya. Na biyu, ya kifa raga a kan ƙwallon ya janyo shi baya. Wannan na biyun yana aiki in babu kowa a kusa, shi ya sa yake da wuyar bari, amma a cikin wasa kafin ya gama janyowa an kewaye shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga nan sai jijjiga, wato murza sanda da wuyan hannu gaba da baya yayin gudu don kada ƙwallon ya faɗo. Hannun sama ne mai aikin, na ƙasa rakiya kawai yake, ya bar sandar tana juyawa a cikinsa. Yara sukan yi ta kaɗa duk hannu kamar masu korar kaji. Ce musu jariri ne a cikin ragar, lallashinsa ake yi.

Cafewa da jifa su ne na uku. Mai cafewa ya ɗaga kan sandarsa kusa da kunnensa, ragar tana fuskantar mai jifa, in ƙwallon ya iso ya ɗan ja da baya tare da shi kamar an jefo masa ƙwai. Wanda ya kai wa ƙwallo sara zai ga ya yi tsalle ya fice. Mai jifa kuwa ya juya kafaɗa, ya taka da ƙafar da ke kishiyar hannunsa na sama, hannun sama ya tura, na ƙasa ya ja, kan sandar ya ƙare yana nuna inda ake so ƙwallon ya je. A makon farko yi amfani da ƙwallon tanis ko wani mai laushi. Yaron da ƙwallon gaske ya taɓa duka a hannu, wata guda zai yi yana runtse ido.

Sauran shawara a taƙaice: kada ka bar layi ya wuce yara uku, kowane yaro da ƙwallonsa, kuma kowane atisaye kada ya haura minti goma. Bayaninka ya tsaya a jimla biyu, sauran ka nuna da jiki. Ƙarshen kowace rana ka bar su su buga uku da uku.

Doka ɗaya ce nake koyarwa tun ranar farko saboda tana ba sababbi mamaki. In aka harba ƙwallo raga ya kuskure ya fita waje, ba lallai abokan hamayya za a ba ba. Wanda ya fi kusa da ƙwallon lokacin da ya fita, ƙungiyarsa ake ba. Ga shi kuma ana wasa a bayan raga. Don haka koya musu bin ƙwallo da gudu bayan an harba. Na ga iyaye suna yi wa alƙalin wasa ihu a kan wannan, alhali shi ne da gaskiya.

Tambaya: Malam, 'yata mai shekara goma sha ɗaya da ƙanenta duk sun shiga wasan nan a Kanada. Shi an sa mu sayo hular kwano da sulken kafaɗa, ita kuwa 'yan kaya kaɗan aka ce. Ba a tauye ta ba kuwa? Kuma me zan taimaka musu da shi a gida? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, ba a tauye ta ba. Sunan ɗaya ne amma wasannin biyu ne. A na maza na fili ana bangazar juna da jiki idan an girma, ana kuma bugun sanda da safar hannun abokin hamayya, shi ya sa suke sa hular kwano, safar hannu mai kauri, kariyar kafaɗa da ta gwiwar hannu. A na mata an hana bangaza, don haka robar haƙori ce babban abu, kuma a wurare da yawa ana ƙara tabarau na kariyar ido. Ko aljihun ragar sandar ya bambanta: na mata ba shi da zurfi, dole saman ƙwallon ya leƙo sama da gefen kan sandar. Wannan ya sa riƙe ƙwallo ya fi wuya a wurinsu, kuma a ganina yarinyar da ta ƙware ta fi takwaranta namiji laushin hannu. Kada ki bari su yi musayar sanda.

Inda ba zan yi miki sassauci ba shi ne ƙirji. Ƙwallon roba ce zalla mai tauri, nauyinta kusan giram 145. In ta daki daidai saitin zuciya a wani ɗan lokaci na bugunta, tana iya tsayar da ita. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma saboda shi aka fito da kariyar ƙirji ta musamman ga gola da kuma maza 'yan fili. In kayan gado kika karɓo wa yaron, tambayi kocinsa ko sun cika ƙa'idar yanzu. Ki kuma tambaya ko akwai na'urar farfaɗo da zuciya a filin.

A gida kuwa, nema musu bango marar taga. Su tsaya taku biyar ko shida daga gare shi, su jefa su cafe, hamsin da dama, hamsin da hagu. Hagun za su yi ta ƙunƙuni a kai, kada ki saurara. Ɗana sai da ya yi mako uku yana bin ƙwallo cikin shuke-shuke kafin hagunsa ta fara ji, yau kuma mai tsaron baya bai san ta ina zai ɓullo ba. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar jajibirin wasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Aikinki ƙirge kawai. In sandar ta yi wa ƙaramin tsawo, gajeriyar sandar manya inci 40 zuwa 42 ce, ki tambayi koci a rage ta daga gindi a mayar da murfin.

Tunda a Kanada kuke, ki ba su labarin abin da suke riƙe da shi. Mutanen asali na Arewacin Amurka, irin su al'ummar Haudenosaunee, su ne masu wasan tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau suna da tawagarsu ta kansu a gasar duniya. Wani likitan haƙori na Montreal, William George Beers, shi ya rubuta dokokin zamani a 1867, sannan a 1994 Kanada ta mai da shi wasanta na ƙasa na lokacin zafi. Rabon da a raba lambar yabo a kansa a gasar Olamfik tun 1908 a Landan, sai ga shi zai dawo a Los Angeles a 2028, da 'yan wasa shida-shida, maza da mata. 'Yar taki ta zauna ta kalli na matan, za ta ga abin da ake iya yi da wannan aljihu marar zurfi.