Da gaske ne da dala 250 aka kafa kamfanin Infosys?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya. Na sha jin ana cewa Narayana Murthy ya kafa Infosys da dala 250 kacal, har kamfanin ya zama ɗaya daga cikin manya a duniya. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? In gaskiya ne, ta yaya kuɗin da ba su kai na kwamfuta ɗaya ba suka isa? Sauran manyan kamfanonin Indiya ma haka suka fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Adadin gaskiya ne, Malam, sai dai yadda ake ba da labarin yana ɓoye ainihin abin da ya faru. A 1981, a birnin Pune na Indiya, injiniyoyi bakwai suka kafa kamfanin manhaja na Infosys da rufi 10,000, abin da aka saba lissafawa da dala 250, waɗanda Murthy ya ranta daga matarsa Sudha. Sauran shidan su ne Nandan Nilekani, N. S. Raghavan, S. Gopalakrishnan, S. D. Shibulal, K. Dinesh da Ashok Arora. Kuɗin nan na rajista ne da ƙananan hidimomi. Jarinsu na gaske shi ne suna da mai saye tun kafin su buɗe shago: wani kamfani a New York mai suna Data Basics, wanda ya san aikinsu tun suna ma'aikata a Patni Computer Systems.

Su kuma ba sababbin shiga ba ne. An haifi Murthy a 1946, ya yi digiri na biyu a cibiyar koyar da fasaha ta IIT Kanpur a 1969, ya yi aikin manhaja a Faris, ya dawo ya buɗe wani kamfani mai suna Softronics wanda bai kai labari ba, sannan ya kama aikin albashi a Patni. Lokacin da ya kafa Infosys yana dab da cika shekara 35, kuma ya riga ya ɗanɗani faɗuwa sau ɗaya.

Yadda ƙaramin kuɗi ya isa kuwa shi ne ba su sayi kwamfuta ba sam a farko. A Indiyar wancan zamani sai da lasisin gwamnati ake shigo da ita, ga haraji mai nauyi, ga zirga-zirga zuwa Delhi ba iyaka. Layin tarho kawai sai da suka jira kusan shekara guda. Don haka sai injiniyan ya hau jirgi ya tafi Amurka, ya zauna a ofishin mai aikin, ya yi amfani da na'urar mai aikin, a biya kamfanin da dala bisa sa'o'in da ya yi. Kamfanin ya cire kuɗin masauki da abinci, ya biya albashi daidai da ma'aunin Indiya, abin da ya rage shi ne riba. Ba masana'anta, ba kayan ajiya, ba bashin banki mai yawa. A taƙaice hayar ƙwararru suke bayarwa, kuma ribar ba ta da kauri, domin zama a Amurka na cinye kaso mai tsoka.

Ba su ne suka share wannan hanya ba. Wanda Indiyawa ke kira uban masana'antar manhajarsu shi ne F. C. Kohli, haifaffen Peshawar a 1924, wanda ya yi karatun injiniyan lantarki a Kanada da kuma jami'ar MIT ta Amurka, ya yi shekaru yana aiki a kamfanin wutar lantarki na Tata, sannan aka damƙa masa Tata Consultancy Services jim kaɗan bayan kafa shi a 1968. Shi ya ƙulla alaƙa da kamfanin Burroughs na Amurka a shekarun 1970, injiniyoyinsa suna rubuta manhaja ga masu amfani da injinan Burroughs a ƙasashen waje. Nan aka fara gane cewa Ba'indiye zai iya sayar wa Bature aikin ƙwaƙwalwa. A ganina ba a ba Kohli haƙƙinsa a wajen Indiya, watakila don shi ma'aikaci ne, bai mallaki kamfanin ba, bai kuma shiga jerin attajirai ba.

Wipro da HCL, wasu manyan kamfanonin manhaja biyu na Indiya, daban suka taso. Wipro kamfanin man girki ne da aka kafa a 1945 a garin Amalner. Azim Premji yana ɗalibi a Stanford mahaifinsa ya rasu a 1966, ya dawo yana ɗan shekara 21 ya karɓi ragama, don haka shi da gadonsa ya shigo. Shiv Nadar kuwa ya bar aiki a kamfanin DCM tare da abokansa, suka fara da sayar da kalkuleta don tara kuɗi, suka kafa HCL a 1976. Dukansu biyu sun ci gajiyar abu ɗaya: dokar 1973 ta tilasta wa kamfanonin waje rage hannun jarinsu zuwa kashi 40 cikin ɗari, babban kamfanin kwamfuta na Amurka, IBM, ya ƙi, ya tattara ya bar ƙasar a 1978. Kasuwar kwamfuta ta zama ba mai ita, su kuma suka shiga ƙera na'urori tun kafin su juya ga manhaja.

Shekaru goman farko na Infosys ba su yi daɗi ba, kuma masu ba da labarin dala 250 sukan tsallake wurin nan. Sun koma Bangalore a 1983. A 1989 Arora ya fita. Wajen 1990 aka zo musu da tayin sayen kamfanin kan kimanin dala miliyan ɗaya, akasarinsu suka karkata ga sayarwa, Murthy ya ce zai sayi kason duk mai son tafiya, daga ƙarshe kowa ya zauna. Ko a 1993 da suka fitar da hannun jari kan rufi 95 kowane ɗaya, masu saye ba su cika ba, sai da bankin zuba jari na Amurka, Morgan Stanley, ya ɗauki kashi 13 cikin ɗari.

Abin da ya sauya lissafi shi ne samun damar yin aikin daga gida. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya nuna hakan zai yiwu tun 1985, da ya kafa cibiya a Bangalore mai sadarwa ta tauraron ɗan adam. A 1991 gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a matsayin ministan kuɗi, ta sassauta dokokin shigo da kaya da na canji, aka kuma kafa hukumar STPI mai bai wa kamfanonin manhaja layin sadarwa da rangwamen haraji. Daga nan tsarin ya zama haka: ana barin kimanin mutum uku cikin goma a wurin mai aikin, su tattara buƙatunsa su rubuta dalla-dalla, sauran bakwai na Indiya suna rubuta manhajar suna gwada ta. Tazarar lokaci tsakanin Indiya da New York awa tara da rabi ce ko goma da rabi, gwargwadon yanayin shekara, don haka matsalar da aka aiko da yamma a can ana iya tarar da gyaranta da safe. Matsalar shekarar 2000 ta ƙara buɗe ƙofa: tsofaffin manhajojin bankuna da inshora, akasari a harshen COBOL, suna ajiye shekara da lamba biyu, sai an bi layi-layi an gyara. Aiki ne mai gundura da ke son hannu da yawa, Indiya kuma na da su. Infosys ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka a 1999, na farko daga Indiya, kuɗin shigarsa ya haye dala biliyan ɗaya a 2004.

A irin wannan sana'a ribar tana rataye ne a kan abubuwa kaɗan. Na farko, yawan ma'aikatan da ke kan aikin da ake biya: kamfanonin sukan so ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari, domin wanda ke zaune yana jiran aiki albashinsa na tafiya. Na biyu, a samu ƙananan ma'aikata da yawa ƙarƙashin ƙwararru kaɗan, shi ya sa Infosys ya gina katafariyar cibiyar horo a Mysore inda sababbin ɗauka ke shafe watanni kafin su taɓa aikin kowa. Sai nau'in kwangila. In an yi ta bisa sa'o'i, duk jinkiri mai aikin ne ke biya. In an yanke farashi tun farko, kuma ba a rubuta iyakar aikin da kyau ba, mai aikin zai yi ta ƙara buƙata, kamfanin ya yi ta aikin banza har riba ta ƙare.

Haɗari mafi girma shi ne dogaro da mai saye ɗaya. A 1995 General Electric ne ke kawo wa Infosys kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigarsa, ya nemi a rage farashi ƙwarai. Murthy ya ƙi, suka rabu, ya taimaka aka miƙa aikin ga wasu cikin tsari, kamfanin kuma ya ɗauki ƙa'idar kada wani mai saye guda ya sake yin irin wannan nauyi. Wannan shawara ta fi dala 250 cancantar a riƙa ba da labarinta.

Ɗaya haɗarin na amana ne. Mai aiki a Amurka yana miƙa bayanan bankinsa ga mutanen da bai taɓa gani ba, don haka littafin kuɗi mai tsabta yana cikin hajar da ake sayarwa. A Janairun 2009 Ramalinga Raju, shugaban Satyam, wanda a lokacin ke cikin manyan kamfanonin manhaja huɗu na ƙasar, ya amsa da kansa cewa ya yi shekaru yana kumbura lissafi, har da kuɗi kimanin dala biliyan ɗaya da aka rubuta suna banki alhali babu su. Gwamnati ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin, Tech Mahindra ya saye shi, kotu ta ɗaure Raju shekara bakwai a 2015.

Ka lura kuma cewa akasarin waɗannan mutane hidima suka sayar, ba manhajar kansu ba. Masu hajar kansu 'yan kaɗan ne, kamar Sridhar Vembu, wanda kamfaninsa ya fara a 1996 da sunan AdventNet kafin ya zama Zoho, ya girma ba tare da karɓar jarin masu zuba kuɗi na waje ba. Shi ma Infosys yana da guda ɗaya da ta yi fice, Finacle, manhajar gudanar da banki, wadda bankunan Nijeriya da dama ke aiki da ita wajen riƙe asusun jama'a.