Amsa ga 'yar uwar da ta bar furen okid ɗinta a waje

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun da asuba na ga tambayarki, cewa tukwanen furen okid ɗinki biyu suna waje, a filin bayan gidanki, tun watan Yuli, ga Oktoba ta kama, ko ki shigo da su ɗaki ko ki bar su "su saba da sanyi". Wallahi da na kai kan wannan kalmar sai da gabana ya faɗi, don ita aka faɗa mini ranar da na rasa nawa. Don Allah ki shigo da su yau, kada ki jira ƙarshen mako.

Na duba hoton da kika saka. Ba iri ɗaya ba ne. Mai faffaɗan ganyen nan masu kauri Falanofsis ce, asalinta dazuzzuka masu ɗumi na Filifins da Indonesiya, a jikin bishiya take maƙalewa, ba ta san wani abu wai shi sanyi ba. Da dare kada ɗakinta ya sauka ƙasa da digiri 16 a ma'aunin Celsius. Ita kam ma tun farko bai kamata ta kwana a waje a nan Ingila ba. Mai dogon ganye kamar ciyawa kuwa Simbidiyam ce, ta gefen duwatsun Himalaya, kuma zaman wajen da ta yi ya amfane ta, don sanyin daren Satumba shi ke sa ta fitar da karan fure. Amma ita ma daskarewa ba ta ɗauka.

A Disambar 2022 na tafi Zariya bikin ƙanwata, sati uku. Tukwane bakwai na bari a gidanmu nan Manchesta. A cikinsu akwai wata fara da na saya a 2016, hunturuna na farko a Ingila, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ban san kowa ba, maigida na wajen aiki, ni da bango kawai. Furen nan shi ne abin da nake tashi in duba da safe. Shekara shida tana yi mini fure, ba ta taɓa fashi ba. Da za mu tafi na ba facalata makulli, na rubuta mata komai a takarda na manna a jikin firij: kada a kashe hita gaba ɗaya, kada a taɓa su daga inda suke, ruwa sau ɗaya a kwana goma. Ta ce in kwantar da hankalina.

Kashe hitar ban riƙe ta da shi ba, kowa ya san yadda kuɗin gas ya gasa mutane a shekarar. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne kwashe su da ta yi ta jera a rumfar gilashin nan ta ƙofar baya, wai su sha iska su saba. Kuma a daidai makon da aka yi sanyin nan mai tsanani, kun tuna shi, wanda ruwan bokiti ya zama dutse a tsakar gida. Na dawo ko akwati ban ajiye ba na nufi taga, wayam. Da na buɗe ƙofar baya, ganyen sun yi laushi sun jiƙe kamar alayyahon da aka dafa, ga wani wari. Na kama farar nan a hankali, sai kanta ya biyo hannuna. Nan na zauna a ƙasa da rigar sanyi a jikina ina kuka. Da na kira facalar tawa, buɗar bakinta sai cewa ta yi, "Haba, a kan ciyawa? Fam goma ce fa a kanti." Ta kuma maimaita a gidan suna, gaban mutane, ana dariya. Ko sau ɗaya ba ta ce in yi haƙuri ba. Maigida ya ce in bar wa Allah, na kuma bari, muna gaisawa lafiya, amma makullina ba ta sake riƙewa ba. Falanofsis biyar duk suka tafi. Simbidiyam biyun suka rayu da baƙin tabo a ganye, tohon furensu kuwa ya zube.

To in kin shigo da su, kada ki haɗa su wuri ɗaya. Simbidiyam ki kai ta ɗakin da ya fi sanyi mai haske, kamar digiri 10 zuwa 14. In ta kwana a falo mai ɗumi, tohon zai yi rawaya ya faɗi tun bai buɗe ba. Kafin nan ki ɗaga tukunyar ki leƙa ƙasanta, dodon koɗi na ɓuya a wurin, ki kuma duba gindin ganye ko akwai farin ƙwaron nan mai kama da auduga.

Falanofsis kuma bakin taga, amma da magariba ki janyo ta ciki kafin ki ja labule. Na taɓa barin wata tsakanin labule da gilashi, ganyen da ya jingina da gilashin ya lalace a dare ɗaya. Kuma ban da saman hita. Yadda iskar hunturu ke tsage mana leɓe da dunduniya a gida, haka zafin hita ke busar da toho. Ni kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa nake ɗora tukwanena, ba tare da gindin ya taɓa ruwan ba. Kwandon ayaba da tuffa ma ki nisanta shi, iskar da suke fitarwa in suna nuna tana zubar da fure.

Ruwa shi ne inda tausayi ke kashe su. Ki duba saiwar Falanofsis ta jikin farar robar tukunyarta: in koriya ce shar, ki ƙyale ta, sai ta koma launin toka. Ki zuba da safe, mai ɗan ɗumi, ya tsiyaye tas, in ya shiga tsakiyar ganye ki tsane da tishu don nan take fara ruɓewa. Masu cewa a ɗora ƙanƙara a tukunya, ni dai bayan abin da idona ya gani ba zan iya ba. Mu nan ruwan famfonmu ba shi da matsala, amma ke da kike Landan, inda yake barin farin dutse a cikin buta, ki tari na sama. Taki kuma ki rage sosai har zuwa Maris.

Kin ce za ki je gida a Disamba. Ki saita hitar kada gidan ya sauka ƙasa da digiri 16, ki shayar da su ana gobe tafiya, sati biyu ba za su mutu da ƙishi ba. In kuwa za ki daɗe, ki yi mini magana ta akwatin sirri, akwai wuri a tagar kicin ɗina. Ki turo hoton saiwar mai faffaɗan ganyen nan yanzu, ganyen ƙasan da na gani ya fara yaushi bai kwanta mini ba.