Tambaya da Amsa: Tikiti na nan, amma kwantena ta kasa buɗe fayilolin NFS

Tambaya: Assalamu alaikum. Ofishinmu a Yamai yana da saba mai raba fayiloli ta NFS da sec=krb5, wato ana tantance mai shiga da Kerberos, tsarin da ke ba mutum tikitin shaida. Na yi mount (na haɗo jakar sabar) a uwar na'ura, na miƙa jakar cikin kwantena (keɓaɓɓen muhallin da manhaja ke gudana a cikin uwar na'urar). A ciki na yi kinit don karɓar tikiti, klist ya nuna tikitin, amma ko ls na buga don ganin jerin fayiloli sai a ce ba ni da izini. Ina gizo ke saƙa? Mai karatu, Yantala.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Tikitinka lafiyarsa ƙalau, wurin da ka ajiye shi ne ba a dubawa.

Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ba ya karanta tikitin Kerberos da kansa. In an nemi fayil, sai ya aika wa rpc.gssd (gssd a taƙaice, manhajar da ke nemo masa tikiti) saƙo ta hanyar rpc_pipefs ɗauke da uid, wato lambar shaidar mai nema. Saƙon yana zuwa keɓantaccen yankin sadarwar da aka yi mount a cikinsa. Tunda a uwar na'ura ka yi, gssd ɗinta ne ke amsawa, shi kuwa /tmp nata yake leƙawa. Naka tikitin yana /tmp na kwantena, wanda bai ma san da shi ba.

Ga kuma rikicin lamba. In an tsara root (babban mai iko, uid 0) na kwantena ya zama 100000 a waje, mai uid 1000 a ciki shi ne 101000 a wurin kanel. Don haka krb5cc_101000 ake nema, ba krb5cc_1000 ba. Tsayar da gssd, ka tashe shi da rpc.gssd -f -vvv, ka sake buga ls, za ka ga lambar da idonka.

Shawararmu ita ce ka sa gssproxy, manhajar da ke karɓo tikiti a madadin masu amfani, a uwar na'ura. Fitar wa kowace hidima keytab nata, wato fayil ɗin makullinta na Kerberos, ka ajiye a /var/lib/gssproxy/clients/ da sunan lambar waje, misali 101000.keytab, root kaɗai ke iya karantawa. A /etc/nfs.conf, ƙarƙashin sashen gssd, sa use-gss-proxy=1, sannan ka sake tayar da gssproxy da gssd. Daga nan tikiti zai riƙa sabuntuwa ba sai an yi kinit ba, kuma makullin bai taɓa shiga kwantena ba.

Abin da muka fi ja maka kunne a kai: kanel yana riƙe izinin da ya samu bisa uid ne. Kwantena biyu masu lambar waje ɗaya a kan mount ɗaya, izini ɗaya suke ci, ko da ta biyun ba ta da tikiti. Ware wa kowace nata zangon lambobi 65536. Kada kuma root na kwantena ya zama root na gaske, domin gssd yakan ba uid 0 makullin na'ura da ke /etc/krb5.keytab.

Yin mount daga cikin kwantena yana yiwuwa, amma sai ka ba ta CAP_SYS_ADMIN (babban ikon sarrafa tsarin) da nata gssd, katangar da ke raba ta da uwar na'ura kuwa ta rushe ke nan.

In komai ya daidaita amma aiki ya tsaya bayan ɗaukewar wuta, duba agogo. Kerberos, a tsarinsa na asali, ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5, kwantena kuma agogon uwar na'ura take bi. Canza ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon na'urar, ka kunna chrony, manhajar daidaita agogo, kuma gssd ya jira agogo ya daidaita kafin ya tashi.